Ranar da rediyon Baba mai gadi ya yi shiru



A layinmu a Kubwa akwai wani dattijo mai gadi, mutumin Maraɗi, da rediyonsa ke rataye a ƙofar ɗakin gadi shekara da shekaru. In mun fito sallar asuba mukan tsaya wurinsa mu ji kanun labarai, Muryar Amurka da ƙarfe shida, BBC da shida da rabi, kafin kowa ya kama hanyar aiki. A tsakiyar watan Maris na 2025 ya wayi gari yana ta murɗa rediyon, babu labarai. Ya zaci batir ne, ya sayo sabo. Sai da wani yaro ya duba waya ya ce, "Baba, ba laifin rediyonka ba ne. Trump ne ya sa hannu a takarda, an tura ma'aikatan hutun dole." Sashen Hausa da ke magana tun 1979 ya yi tsit a kwana ɗaya.

Mu da muka haura arba'in mun san abin da aka rasa. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus ta biyo baya, Faransa ta shigo da RFI a 2007. Da waɗannan tashoshi manomin da bai taɓa shiga aji ba ya san Gorbachev da Yasser Arafat, ya kuma iya zama a teburin mai shayi ya yi musu kan yaƙin Iraƙi. Abokan aikinmu 'yan kudu har yau suna mamakin yadda mai wankin takalmi a Wuse zai faɗa musu sunan shugaban Turkiyya.

Yanzu ƙofofin suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuɗi ne ya rufe su: a Janairun 2023 BBC ta daina shirin rediyonta na Larabci bayan shekara 85. Wasu kuma sojoji ne. Mali ta hana RFI a 2022, Nijar ta bi sahu a Agustan 2023, sannan a Disamban 2024 ta dakatar da BBC na wata uku. Gidajen rediyonmu na cikin gida kuwa, nawa ne ke da wakili zaunanne a Yamai ko Njamena? Yawanci abin da na waje suka kawo suke maimaita mana.

Wani zai ce ina ruwan mai neman na cefane da labarin ƙetare. Mu tuna 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka zauna a nan Abuja, suka ba da wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, aka fara zancen yaƙi. A kwanakin nan kullum muna jin wakilai daga Yamai da Maraɗi da Birnin Ƙonni suna faɗar farashin shinkafa, suna ba da labarin motocin kaya da suka maƙale a Jibiya da Illela. Mutane sun san su wa za a harba in aka yi yaƙin: surukai ne da abokan ciniki. Shi ya sa murya ta tashi. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da soja a farkon Agusta, malamai suka tafi Yamai sulhu. Ba mu ce rediyo kaɗai ya hana yaƙi ba, amma talakan da ya ji da kunnensa shi ne ya iya ɗaga waya ya matsa wa sanatansa.

Sai ku kwatanta da ƙarshen Disamban 2024, lokacin da Janar Tchiani ya yi hira da Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula ƙasarsa. Gwamnatin Najeriya ta musanta. Amma a lokacin an riga an cire BBC da RFI daga tashoshin FM na Nijar, don haka 'yan uwan Baba a Maraɗi ɓangare ɗaya suka fi ji. Mu kuma a nan guntayen bidiyo muka yi ta tura wa juna a WhatsApp. A majalisarmu an kusa ba hammata iska a kan maganar, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ke da hujjar da ta wuce abin da aka turo masa.

Ba waliyyai ba ne waɗannan tashoshi. Kowace akwai ƙasar da ta kafa ta, kuma kowa ya san mai ba da kuɗi yana da buƙata. Sai dai da suna da yawa, mai sauraro yana auna su. Baba yakan ce in Landan ta faɗa, sai ya jira Jamus ta faɗa kafin ya yarda. Wanda ya maye gurbinsu a yau shi ne mutumin da ke zaune a ɗakinsa da waya a TikTok, ba ya zuwa ko'ina, ba shi da edita, in ya yi ƙarya ba wanda zai kira shi ya gyara.

Laifinmu kuma a fili yake. Shekara sittin da ɗoriya muna sauraron duniya da kuɗin harajin wasu, ba mu gina namu ba. Attajiranmu suna iya cika jirgi zuwa Umra, amma albashin ɗan jarida ɗaya a Yamai ya gagara. Ga zaɓen 2027 na tafe, 'yan takara za su zo da zancen tsaron iyaka da bashin ƙetare da farashin mai, duk abubuwan da tushensu ke waje. Da wane sani za mu yi musu tambaya?

Baba dai har yanzu yana kunna rediyon da ƙarfe shida, sabo ne. Makon jiya ya tambaye mu ina aka kwana a yaƙin Sudan, wanda aka fara tun Afrilun 2023, don yana da ƙane da ya zauna can a kan hanyar Makka. Mu huɗu muka ciro wayoyi muna dubawa, kowa ya karanto masa labari daban.