Tsatsa Ba Ajalin Ƙarfe Ba Ce

Abin da muka saba yi wa ƙarfen da ya yi tsatsa bai wuce uku ba: a goge shi da sanfefa, a zuba masa asid, ko a miƙa wa 'yan gwangwan su auna shi a kilo. Na farko da na biyu suna cin lafiyayyen ƙarfe tare da tsatsar, na uku kuwa rabuwa ce ta har abada. Akwai hanya ta huɗu, wadda na koma wa sa'ad da ƙafafun keken ɗinkin mahaifiyata suka yi jawur bayan daminoni a zaure: wanke ƙarfe da lantarki a cikin ruwa.

Ilimin ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1800 aka raba ruwa gida biyu da lantarki a Ingila, kuma har yau gidajen adana kayan tarihi na tsabtace igwa da angar da aka tsamo daga teku ta wannan hanya.

Kayan aikin kaɗan ne: bokitin roba, cajar batirin mota mai bolt 12, guntayen rodi, da sodar wanki, kimanin babban cokali ɗaya a kowace lita 4 ta ruwa. Ana rataye ƙarfen a tsakiyar ruwan, a maƙala masa baƙar waya. Jar waya kuma ta kama rodin da aka jera a gefe, ba tare da sun taɓa juna ba. Idan aka juya wayoyin, abin da ake son ceto shi ne zai zagwanye.

Da an kunna, sai ƙananan kumfa su fara tashi. Iskar haidirojin ce ke fita daga jikin ƙarfen, tana ɗaga ɓawon tsatsa da tsohon fenti, ragowar jar tsatsar kuma ta rikiɗe zuwa baƙin dauɗa da burushi ke sharewa. Rodin ne ke ɗaukar asarar. Ƙafafun keken nan kwana guda suka yi a ruwa, sai ga zanen furannin da masana'anta ta zuba musu ya bayyana sarai.

Sai dai aikin na da dokoki. A yi shi a sarari, nesa da wuta, domin haidirojin na kamawa. Kada a sa gishiri, yana haifar da iskar kulorin mai guba. Shi ya sa na guji kanwa, duk da cewa 'yar'uwar soda ce, don takan zo gauraye da gishiri. Kada a maye gurbin rodi da ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokula, saboda yana gurɓata ruwan da guba. A kashe caja kafin a sa hannu. Da an tsamo ƙarfen, a busar da shi nan take a shafa mai ko fenti, in ba haka ba tsatsa za ta dawo kafin la'asar.

Lantarki ba ya mayar da abin da tsatsa ta riga ta cinye. Ramukan da ta haƙa suna nan. Amma a lokacin da kayan gyara ke tsada, tsofaffin injinan markaɗe da garmuna kuma suka fi na yanzu ƙwari, ya kamata mu san abin da ke ƙarƙashin jan ɓawon kafin mu ɗora shi a sikeli.