Wa zai yashe rijiyar?

Lokacin da nake koyarwa a Séguédine, arewa da Dirku a yankin Kawar, na ga yadda rairayi ke cike rijiya sannu a hankali. Kowa na ɗiban ruwa, amma masu shiga su yashe ta kaɗan ne.

Daga baya na karɓi aikin sa-kai a wata manhajar koyon karatu, irin wadda kowa ke da izinin gyarawa. Nawa shi ne kula da ɗan fayil ɗin da ke sa kwamfuta ta harhaɗa manhajar ta gwada ta duk lokacin da wani ya kawo gyara. In ya ci, alama ta yi kore. In ya faɗi, ta yi ja.

A 2021 dandalin da muke gwaji ya rufe, ni kuwa na yi sakaci. Muka yi ta karɓar gyare-gyare ba gwaji, har wani ya share ƙugiyar haruffa. Wata malama ta rubuto cewa ɗalibanta na karanta "kasa" a maimakon "ƙasa". Kunya ta kama ni. A daren na mayar da gwajin GitHub Actions.

Abin ya wuce ni kaɗai. A Maris 2024 Andres Freund ya gano mugun tarkon da aka cusa wa manhajar xz ta hanyar fayilolin harhaɗawa, inda ido bai cika zuwa ba.

Malamai da iyaye, muna yaba yaron da ya zo na ɗaya. Mu riƙa yaba wanda ya sake duba aikinsa ba a sa shi ba.