Masu shirin sayen tsohon jirgi, ku dakata mu yi magana



Mu mutanen Adar da Gobir Tudu ba Sarkawa ba ne. Iyayenmu sun san dutse da jigawa da fadamar albasa, ruwan da sunka sani shi ne na Majiya, wanda ke zuwa da gudu ya wuce Ƙonni. Ruwa mai zama sai da anka yi baraji, irin na Ibohaman, sannan aikin Projen Keita da ya soma a 1984 da kuɗin Italiya ya ƙara tare ruwa wuri-wuri. Tabalak kuwa, a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, ta daɗe tana ciyar da mu tarwaɗa da karfasa, har a 2005 anka sa tabkinta cikin wuraren ruwa da duniya ke kiyayewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. To yanzu samarinmu sun ga kifi na kawo kuɗi, kuma wanda ke da kwale-kwale ya fi mai tsayawa baki da birgi. Sabo ya yi tsada, katako daga Najeriya yake zuwa. Sai a koma ga tsoho. Nan ne maganarmu take.

Wasu za su ce ai tabki ba teku ba ne, wace igiyar ruwa? Wanda ya faɗi haka bai taɓa kasancewa tsakiyar ruwa ba lokacin da hadari ya taso daga gabas. Iskar nan da ke riga ruwan sama isowa, mai ɗauke rufin kwano, ita ce dai ke sauka bisa tabki. Kuma ruwa marar zurfi, irin barajinmu da yashi da laka sunka cike, igiyarsa gajera ce, a tsaye, ɗaya na bin ɗaya ba hutu. Ba ta ɗaga jirgi ta sauke shi sannu, marinsa take yi, tana watso ruwa ciki. Ga kututturan bagaruwa a ɓoye ƙarƙashi suna jira.

Saboda haka siffar jirgi muke fara dubawa, tun kafin lafiyar katakonsa. Mai shimfiɗaɗɗen gindi yana da daɗin tsayuwa in ruwa na kwance, mutum ya miƙe ya jefa birgi bai ji komi ba, kuma yana shiga inda ruwa bai kai gwiwa ba. Amma in iska ta taso sai ya riƙa dukan ruwa, kowane duka na girgiza kusoshi. Siririn jirgi mai gudu ne, yana tsaga ruwa, sai dai mutum biyu su karkata gefe guda ya juye. Abin da muke nema a ruwanmu shi ne mai faɗi daidai, hancinsa a ɗage, gefensa da tsawo. Tsawon gefen nan kada a auna shi jirgi na wofi. A shiga da mutanen da za su yi aiki da shi, a zuba koma jiƙaƙƙiya, a ɗora wani nauyi a madadin kifi, sannan a duba abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi. In taƙi guda bai cika ba, wallahi wannan na ranar da babu iska ne, kuma ba mu da mai ba mu tabbacin wannan ranar.

Sai katako. Nan masu sayarwa ke da wayo, ba duka ba, amma akwai. Jirgin da ka tarar an shafe shi da sabuwar kwalta tun daga hanci har gindi, baƙi wuluk yana ƙyalli, tambayi kanka mi ake rufewa. Kwalta wurinta haɗin katako, inda aka cusa auduga ko tsumma. A kifa jirgin, a bi shi da tsinin wuƙa, musamman ƙasa, da wurin da ruwa ke kwana a ciki, da kewayen kowace kusa. Itace mai lafiya yana ƙin wuƙa. Ruɓaɓɓe kuwa sai ta shige kamar cikin kabewa. A ƙwanƙwasa shi ma, kunne na rarrabewa. In tsatsa ta zubo ja daga kan kusa, a zare guda a gani, sau da yawa kai ne kaɗai ya rage, jikin ya cinye. Maɗaci da kawo su ne itatuwan da masu sassaƙa ke yabo, farin katako mai sauƙi bai daɗewa cikin ruwa. Faci ɗaya ko biyu ba laifi ba ne, duk jirgin da ya yi aiki yana da su. Faci bisa faci a wuri guda shi ne abin gudu.

Akwai wani abu da ke rikita mu ƴan tudu. Jirgin da ya yi rani a waje cikin rana, katakonsa ya ƙanƙance, haɗin ya buɗe, in an sa shi ruwa zai yi yoyo ko da lafiyayye ne. Sai ya kwana biyu uku ya sha ruwa ya kumbura sannan ya rufe. Mai sayarwa zai ce maka “ai zai kumbura”, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. To a bari ya kumbura tukuna. A kwashe ruwan da marece, a dawo da safe a ga nawa ya shiga. Wanda ya ƙi yarda da wannan jira, a yi masa sallama.

Na ƙarfe da masu walda ke haɗawa, ba mu ce a ƙi shi ba, gara ba ta cinsa. Amma a san bambancin: na katako in ya cika da ruwa yakan tsaya yana lilo, mutum ya samu abin kamawa, na ƙarfe kuwa ƙasa yake tafiya kai tsaye. Ko wane iri ne, a ɗaure masa bido na wofi masu marfi mai kyau, gaba da baya. Bido mai lita 20 yana riƙe kusan kilo 20 bisa ruwa. A ɗaure su tamau, ba ajiyewa kawai ba. Inji kuma ba mu ga amfaninsa a ƙananan ruwanmu ba, filafili da sandar tuƙi sun isa, kuɗin su tafi ga rigar ruwa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ranar da jirgin su zai koma jirgin fito. Damana ta yi ƙarfi kamar ta 2024, hanya ta yanke, mata da yara na son ƙetarawa kasuwa ko gona, sai a ce wane ai yana da jirgi. Ba mu manta da Bagwai ta jihar Kano ba, a ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife a dam ɗin Watari, mutum 29 aƙalla sunka rasu, yawancinsu ƴan makarantar Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Tun ranar ciniki a tambayi mai shi mutum nawa yake ɗauka, a rage daga abin da ya ce, kuma gari duka su san adadin.

A tafi ciniki da tsohon masunci, ko a nemi sarkin ruwan wurin ya shaida, shi ya san tarihin kowane jirgi da dalilin da ya sa ake rabuwa da shi. Ƴan jikkunan da za a ba shi na goro ba asara ba ne. In an gama an ɗora shi bisa mota ko amalanke, a shimfiɗa tsofaffin tayoyi ƙarƙashinsa, don hanyoyinmu na dutse suna kwance kusoshi. Da an sauke shi gida a sake gwajin kwana guda a bakin ruwa kafin kowa ya shiga da shi tsakiya.