Ciwon Karkarwa Da Dashen Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa

Akwai wani ciwo da kan kama mutum idan girma ya zo: hannu ya riƙa karkarwa ko yana zaune, jiki ya sandare, tafiya ta koma jan ƙafa. A wajenmu, Kaboji ta ƙasar Kontagora, wasu kan ce tsufa ne, wasu su ce sammu. Likitoci kuwa suna kiransa da sunan James Parkinson, likitan Ingila da ya bayyana shi a 1817. Shi ne ya kama ɗan damben nan Muhammad Ali. Na ga aikinsa a jikin kawuna, wanda ya kai ga ba ya iya kai ludayin fura baki sai rabi ta zube.

Asalin ciwon shi ne, waɗansu ƙwayoyin halitta a cikin ƙwaƙwalwa, masu samar da sinadarin dofamin da ke daidaita motsi, suna mutuwa sannu a hankali. To, mu manoma mun san idan shuka ta mutu a kunya, akan ciro daga inda ta yi yawa a dasa a gurbinta. Dabarar da masana suka ɗauka ke nan, amma a kan dabbobi suka fara.

A 1979, a birnin Lund na ƙasar Suwidin, Anders Björklund da Ulf Stenevi suka dasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar tayin ɓera a kan ɓerayen da aka sa wa irin wannan lahani. Dashen ya kama, motsinsu ya gyaru. A 1987 aka gwada a kan mutane a Lund. Amma wani gwajin Amurka da aka bayyana a 2001 ya nuna waɗansu majinyata sun sami fizgar jiki wadda ba su iya tsayarwa.

Daga baya Shinya Yamanaka na Japan ya gano, a 2006, yadda ake mai da ƙwayar fatar ɓera ta koma tamkar iri, wanda za a iya rainonsa ya zama kowace irin ƙwaya. A 2017 Jun Takahashi na Jami'ar Kyoto ya ba da labarin dashen irin waɗannan ƙwayoyi a kan birai masu ciwon. Motsinsu ya inganta, kuma har shekara biyu ba a ga ƙari ya tsiro ba. Sai a 2025 aka bayyana sakamakon gwaji a kan mutum bakwai kacal, ba tare da wata mummunar illa ba.

Jama'a, mu duba: shekara 46 daga ɓera zuwa mutum bakwai, kuma masanan ba su ce sun warkar da ciwon ba. Saboda haka duk wanda ya zo kasuwa da lasifika yana cewa zai raba tsohonka da karkarwa a kwana uku, riƙe kuɗinka. Akwai maganin asibiti, watau levodopa, wanda ke sassauta ciwon tun wajen ƙarshen shekarun 1960. A kai dattawanmu ga likita tun da wuri, a kuma daina zargin maƙwabta. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.