A bar yaro ya zama Gizo

A ajina na CM1 a Madarunfa, duk ranar da za mu kwaikwayi tatsuniya, ba mai son zama Kura. Kowa Gizo yake so, ko Dila malamin daji. Wasu iyaye na ganin ƙarya muke koya wa yara. Na fahimci tsoronsu, amma ban yarda ba.

Ba mu kaɗai ke da gwanin wayo ba. Japanawa na da kitsune, yanyawa mai rikiɗa ta zama mutum, wadda wutsiyoyinta kan kai tara. A wasan Pathfinder, wanda ya samo asali daga Dungeons & Dragons, ɗan wasa na iya zaɓar ya zama ita. Sai dai in ya ƙulla dabara, ƙwaya mai fuska ashirin zai jefa, ko ta ci ko ta watse.

Dokar da na aro ke nan. Gizo ya ƙulla, sauran yara su yanke abin da zai biyo baya. Sau da yawa Ƙoƙi kan tona shi, aji ya ci shi tara. Yaron da ya ɗanɗana kunyar tonon asiri cikin wasa ya koyi abin da bulala ba ta koyarwa.