Wa ke Hawa Buzun Alƙali Idan Ba Ya Nan?

A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, har ƙauyuka irin su Tursa, ƙarar da aka fi kaiwa gaban alƙali ta cikin gida ce: saki, hul'i, ciyarwa, riƙon yara, rabon gado. Irin wannan ƙara kuwa ba ta jira. Matar da miji ya tafi cirani ya bar ta ba ci ba sha, ba a ce mata ta dakata sai Malam ya warke. Dole wani ya zauna.

Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ma'aunin wanda zai hau buzun yana cikin littattafan Malikiyya irin su Muhtasar na Halil. Alƙali ya zama namiji, adali, masani, mai saurin gane inda zance ya karkace. Ba ya naɗa wa kansa na'ibi sai da izinin sarki, ko kuwa idan ƙasarsa ta yi faɗi. Na'ibin ma ba a neman ya san komai. Ya dai san babin da aka ɗora shi a kai. Wanda aka ba shari'ar aure, ya ƙware a aure da idda.

Galibi muhuti ne ya fi kusa da buzun. Ya shekara yana zaune gefen alƙali a zaure, da tawada da alƙalami, yana rubuta shaida, yana buɗo mas'ala, yana ganin yadda ake rarrashin waliyyi kafin a kai ga rantsuwa. Shaidarsa ita ce malamin da ya karantar da shi da garin da ya san halinsa.

Makarantar shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934, ta shigo da takardar shaida. Dokar 1967 ta raba kotunan alƙalai da En'e. Yau tsarin mulkin 1999 ya ce alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jiha sai ya shekara 10 da shaidar karatunsa. Idan kujerar Alƙalin Alƙalai ta zama ba kowa, gwamna ya ba wanda ya fi daɗewa riƙo na wata 3.

An samu tsari, an rage alfarma. Sai dai takarda tana ƙirga shekaru ne kawai. Gane wanda ke ɓoye gaskiya tsakanin mata da miji har yanzu a gefen alƙali ake koyon sa.