Zuciyar Takarda a Ajin Aikin Hannu

A zamanin da muka shiga aikin koyarwa, wato shekarun da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, kowace makaranta tana da darasin aikin hannu a jadawalinta, kuma ba a raina shi. Ƙarshen zango kowane yaro zai zo da abin da ya yi: wannan igiyar rama, wancan mafici, 'yan mata faifai, wani kuma tsintsiya ce ya ɗaure da kansa. A jera su a gaban ofishin hedimasta, a bi ana ba da maki. Wasu karkatattu ne, wata igiyar ko ɗan akuya ba za ta riƙe ba, amma dai hannun yaron ne ya yi.

Sannu a hankali abin ya lalace. Da farko iyaye suka fara sayo tsintsiyar a kasuwa, malami ya karɓa ya kau da kai. Daga baya aka ce ai ɗauko tsintsiyar ma wahala ce, a kawo kuɗinta kawai. Na ga inda yaro ya ci maki mai tsoka a aikin hannu saboda ya kawo sandar sabulu. In ka yi magana, amsar ɗaya ce: babu kayan aiki, gwamnati ba ta kawo ba. Gaskiya ne ba ta kawo ba. Amma ba rashin kaya ne ya kashe darasin nan ba. Manya ne suka ga saye ya fi koyarwa sauƙi.

Shi ya sa idan ƙananan malamai suka zo gaishe ni, hira ta kai ga kukan rashin kaya, nakan ce a miƙo mini takarda guda. Kowace iri. Sai in ninka musu zuciya. Ba ta son almakashi, ba ta son gam, ba a sayar da ita a kasuwa balle uba ya sayo wa ɗansa, kuma a gaban idonka yaro zai yi ta. Duk ƙofofin da aka bi aka kashe aikin hannu a rufe suke.

Ga yadda ake yi. Takardar da ta fi yawa a hannun mutane ita ce A4, faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Ka kama kusurwa ɗaya ka kwantar da gajeren gefe a kan dogon gefe, ka ga alwatika ta fito, da wani ɗan tsiri a ƙasa. Ka ninka tsirin, ka bi karin da farce sau biyu ko uku, ka yage shi a hankali. Da ka buɗe, murabba'i ne a hannunka, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Kada a yar da tsirin, akwai ranarsa. Sai ka ninka murabba'in kusurwa zuwa kusurwa ta ɗaya ɓangaren ma, ka buɗe, layi biyu sun gitta juna a tsakiya. Ka ajiye takardar kusurwa ɗaya na kallonka. Kusurwar sama ka sauko da ita ta taɓa tsakiya. Ta ƙasa ka hau da ita har ta taɓa sabon gefen da ya samu a sama. Yanzu gindin ya zama miƙaƙƙe. Ka ɗaga rabinsa na dama ya kwanta a kan layin tsakiya, na hagu ma haka. A nan yara kan yi ihu, domin siffar ta riga ta bayyana, sai dai tana da ƙahoni. Ka kife ta, ka lanƙwasa tsinin sama biyu da na gefe biyu zuwa ciki, ka juyo ta. Shi ke nan.

Wanda ya kalli wannan zai ce wasa ne. To, bari mu bi abin da ya wuce ta hannun yaron. Ya fitar da murabba'i ba da rula ba, kuma in ka tambaye shi ta yaya ya san gefunan daidai suke, zai nuna maka cewa ya kwantar da ɗaya a kan ɗaya sun haɗu. Wannan hujja ce, irin wadda za a nema wurinsa a sakandare da manyan kalmomi. Ya raba kusurwa mai digiri 90 gida biyu, ya sami 45. Ya ga murabba'i ɗaya ya zama alwatika biyu, sannan huɗu, don haka rabi da kwata sun daina zama lambobi biyu da sanda a tsakaninsu. Ya ga abin da ya yi a dama dole ya yi a hagu, in ba haka ba zuciyar ta fito da kafaɗa ɗaya sama. Na sha fama da yara a kan rabi da kwata da alli a allo, su haddace yau su manta jibi. Wanda ya ninka da yatsunsa ba kasafai yake mantawa ba.

Shi kuma tsirin nan da na ce a ajiye, da shi ake wani darasin. Ka ce su ninka shi biyu, su ƙara, su ƙara, suna ƙirga falle nawa ya zama: 2, 4, 8, 16, 32. Kafin a je ko'ina takardar ta yi tauri ta ƙi lanƙwasuwa, domin ninki na bakwai falle 128 ke nan. Kullum akwai wani ƙaƙƙarfa a bayan aji da zai rantse shi zai kai goma. Ka bar shi ya gwada. An yi wata ɗalibar sakandare a Amurka, Britney Gallivan, da ta kai ninki 12 a 2002, amma sai da ta nemo takarda mai tsawon fiye da kilomita guda.

Ba mu muka fara ganin amfanin wannan ba. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar ƙananan yara ya sa mata suna Kindergarten a 1840, ya sa ninkin takarda cikin ayyukan yau da kullum na yaransa. A 1893 wani mutumin Indiya, Sundara Row, ya wallafa littafi a Madras a kan koyar da lissafin siffofi ta hanyar ninkin takarda, ba tare da akwatin kayan lissafi ba. Wannan ya fi burge ni, domin ɗaliban Indiya na lokacin ba su fi namu kuɗi ba. A Japan kuwa, inda ake kiran sana'ar origami, wanda ya ɗaga ta ya kai ta duniya shi ne Akira Yoshizawa, an haife shi a 1911 ya rasu a 2005. Ma'aikacin masana'anta ne, kuma da ninkin takarda yake koya wa sababbin ma'aikata lissafin siffofi. Da ya bar aikin ya rungumi takarda, ya yi shekaru cikin talauci yana tallan abinci gida-gida. Ɗige-ɗige da kibiyoyin da ake gani yau a zanen koyar da ninki, tushensu daga gare shi ne.

Mu ma hannunmu ba baƙo ba ne a wannan aiki, sai dai ba mu ba shi suna ba. Dubi yadda malami ke naɗe laya kafin a kai wa baduku, ƙanƙanuwa, kusurwa huɗu cif, ba ta warwarewa. Dubi mai gyaɗa ko mai tsire, yadda zai murɗa takarda sau ɗaya ta zama mazubi yana hira da kai bai ko kalle ta ba. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ambaci takarda mai tambarin jinjirin wata uku cikin kayan da fatake ke ƙetaro Sahara da su, ana naɗe tufafin rini da ita. Irin wannan takarda daga Italiya take fitowa, kuma a kanta aka rubuta da yawa daga cikin tsofaffin littattafan malamanmu. Abin da ya sha tafiyar watanni a bayan raƙumi ba a wasa da shi. Shi ya sa almajiri ke koyo a allo, ya wanke ya sake, sai karatu ya yi nisa ake ba shi takarda. Mun taso mun tarar da tsofaffi ba sa tsallake takarda a ƙasa, sai sun duƙa sun duba ko da sunan Allah a jiki.

Wannan tarbiyya kada a bar ta a ƙofar aji. Kafin a raba takardu malami ya zauna ya tantance su, duk wadda ke ɗauke da aya ko hadisi ko sunan Allah a ware ta. Jarida musamman sai an duba ta gaba da baya. Kuma a kafa doka tun ranar farko: ba a yage falle daga littafin rubutu. In ba a kafa ba, cikin mako guda littattafan za su rame, iyaye su zo da faɗa, kuma su ne da gaskiya. Tsofaffin takardun jarrabawa sun isa, da kalandar bara, da takardun da masu shagon hoton takardu ke zubarwa. Mafi kyau duka fastocin 'yan siyasa bayan an gama zaɓe: ga kauri, ga launi, bayansu fari tas. Wasunsu ma wannan ne amfani na farko da suka yi wa jama'a.

Akwai wata magana da ba zan ɓoye ba, domin duk malamin da ya gwada zai ci karo da ita. Siffar zuciya ba tamu ba ce ta gado, ba ta ma yi kama da zuciyar da mahauci ke fitarwa ba. Yaranmu sun san ta ne a bangon littattafan soyayya, da finafinai, da wayar hannu, da abin da ake yi ranar 14 ga Fabrairu. Don haka uba zai iya ganin ta a jakar 'yarsa ransa ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba. Wasu abokan aikina sun ce a bar ta kawai, a yi kwalekwale ko jirgin sama. Ana iya yin haka, lissafin duk ɗaya ne. Amma jirgi ana cilla shi ne, kafin a tashi ya ƙare a kan rufin aji. Ita zuciya ba a cilla ta, ba wa wani ake yi, kuma yaro da kansa yake jin haka ba sai an gaya masa ba. Abin da ya rage wa malami shi ne ya faɗi wa za a ba. Ni nakan ce kafin a fara ninki kowa ya rubuta layi biyu a tsakiyar takardar, zuwa ga Inna, ko Baba, ko Kaka, ko ɗan ajin da ke kwance ba lafiya, sannan a ninke rubutun a ciki. Kuma ba na sa darasin a watan Fabrairu.

Mu Hausawa muna da kunya, ba ma iya buɗe baki mu ce wa iyaye muna ƙaunarsu. Ɗan fari ma ko sunansa uwa ba ta kira. Ba na cewa a canza wannan. Amma yaron da ba zai iya kallon mahaifiyarsa ya yi mata godiya ba, zai iya ajiye mata takarda a kan faifai ya ruga waje. Uwar da ba ta yi boko ba, za ta kira yayansa ya karanta mata. Wasu iyaye mata sun gaya mini a cikin kwalla suka adana tasu, tare da kayan ɗakinsu na aure. Ga darasin rubutun wasiƙa ya shigo ba a gayyace shi ba, kuma ba a taɓa samun yaron da ya ce bai san abin da zai rubuta ba, sai dai ya tambayi yadda ake rubuta wata kalma.

Wani abin da shekaru suka nuna mini shi ne, ranar ninki jerin gwanayen aji yakan birkice. Mai zuwa na ɗaya, wanda ya saba gamawa kafin kowa, shi ne zai yi gaggawa, ninkin farko ya kauce da kaɗan, kuskuren ya yi ta girma har ƙarshe. Ya buɗe ya gyara, tsohon karin na nan bai goge ba. Can a bencin baya kuwa akwai yaron da ba a taɓa jin muryarsa ba, wanda ke ƙera motar kara a gida ko yake taya uwarsa ƙulla kayan talla, sai ka ga tasa ta fito kamar da injin aka yi. Irin wannan yaro nake ɗagawa in ce ya zagaya ya nuna wa saura. Sau da yawa ranar ce ta farko da 'yan ajinsu suka nemi wani abu a wurinsa. Daga nan nakan lura da shi a lissafi, domin mai wannan ido ba daƙiƙi ba ne, hanyar da ake bi da shi ce ba ta karɓe shi ba.

Malaman yanzu za su ce ajinsu ya fi ɗari, wasu a ƙasa suke zaune, ina teburin ninki? Bangon littafi a kan cinya ya isa tebur. Yawan kuma ana maganinsa da dabara: lokacin tara ka ware yara goma ka koya musu, in an dawo kowanne ya riƙe layi ɗaya. Kai kuma ka tsaya a gaba da babbar takarda, ta buhun siminti da aka kakkaɓe ta fi, don na baya su gani. Ka juya musu baya ka ɗaga ta sama yayin da kake ninkawa, in ba haka ba damarka ta zama hagunsu, aji ya rikice. Kada ka karɓi takardar yaro ka gyara masa, ko da yana miƙo maka. Ka ɗauki wata ka nuna a gefensa.

Wajen ba da maki, abu biyu nake dubawa: ko kusurwoyin sun haɗu, da ko yaron zai iya sake yin wata ba tare da ya kalli na kusa da shi ba. Launin takarda ba ya cikin lissafi, don kada ɗan mai kuɗi ya zo da jar takarda mai ƙyalli daga kanti mu koma gidan jiya. Mako na gaba sai a warware zuciya ɗaya a shimfiɗa ta, a ce su ƙirga alwatika nawa karin ya bari a jikin takardar. Amsoshin ba za su zo ɗaya ba, kuma gardamar da za ta tashi takan cinye darasin lissafi na ranar gaba ɗaya.